Yadda Ake Koya wa Ɗan Jarida Ɗauko Labarin Al'ada: Darasi Daga Nima

A shirinmu na wannan mako, wani bawan Allah da ke kai shanu Gana ya aiko da tambaya: me ya sa in an ambaci Nima ko Mamobi a labarai, sai dai a ji rigima ko maganar kwata? To Alhaji, amsar tana wurin yadda ake horar da mu 'yan jarida.

A Akra akwai Ghana Institute of Journalism, wadda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah. Yanzu an haɗe ta da makarantar fim da ta harsuna, sun zama jami'ar UniMAC. Daga can zuwa Nima ba nisa. Amma ɗalibi ko na wace makaranta ne, in ba a koya masa ganin al'ada a matsayin labari ba, zai ratsa unguwa ya ce babu komai. Abu uku ya kamata a koya masa.

Na farko, ya san asalin wuri. Nima ta bunƙasa ne daga shekarun 1930, kuma tarihinta na haɗe da Malam Futa, Bafillace mai harkar shanu. Kun ga ke nan, makiyaya na cikin tushen unguwar. Haka abincin nan da duk Gana ke kira waakye, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito. Wanda bai san wannan ba, zai ɗauki 'yan zango baƙin jiya.

Na biyu, ya bi sawun kuɗi. In aka tura shi shagunan yadi na Zongo Lane, "kaya sun yi kyau" ba labari ba ne. Ya tambaya: daga ina yadin ya taso? Ta Aflao ya shigo daga Lome? Nawa aka biya a boda, nawa tela ya samu? Haka in ya je Sallafest, wasan da mawaƙan VIP, 'yan asalin Nima, suka saba shiryawa lokacin Sallah, kada ya tsaya kan masu riƙe da makirfo kaɗai. Akwai mai kiɗa, mai ɗinkin kayan Sallah, da mai sayar da koko da ƙosai a bakin taro.

Na uku, ya girmama mai sana'a. Ya yi sallama, ya nemi izini kafin hoto, ya rubuta suna daidai, ya yi hirar da harshen da mutumin ke ji. Lokacin da nake karatun satifiket, na kawo rahoto a kan wani baduku na ce "wani dattijo". Malaminmu ya maido mini da takardar, ya ce in minista ne zan manta sunansa? Sai da na koma.

Ina ruwanku da wannan? Sunan da jarida ta ba unguwa shi ke bin mutanenta har shingen boda da gidan haya. Don haka in ɗalibi ya zo muku da rikoda a kara ko a tasha, kada ku kore shi. Ku gaya masa inda fatar ta fito da wanda ya jeme ta, ku kuma sa ya maimaita sunanku kafin ya tafi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a sauka lafiya.