Yadda Masana Ke Sauraron Wutar Cikin Ƙasa

'Yan'uwa manoma, tun da ƙasa ta girgiza a Kwoi cikin watan Satumba na 2016, mutane a nan Trikania sukan tambaye mu ko akwai wuta a ƙarƙashinmu.

Lalle muna da tsofaffin duwatsu masu aman wuta: na Kerang da Panyam a ƙasar Mangu, da na Biu a Borno, inda Tafkin Tila yake, watau bakin dutse ne da ruwa ya cika. Babu wanda ya yi aman wuta a zamaninmu. Amma a maƙwabta, Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000.

To, ta yaya ake sanin abin da ke ƙarƙashi, tun da ba mai iya haƙawa ya kai? Kun san mai sayen randa yakan ƙwanƙwasa ta, ya ji ko ta tsage. Haka masana suke yi wa ƙasa. In an yi girgiza, ko a nesa ne, motsin yakan ratsa cikin ƙasa. Cikin dutse mai sanyi da tauri yakan yi sauri. In ya tarar da dutse mai zafi ko narkakke, sai ya rage gudu. Masana sukan binne na'urori a wurare da yawa, kowace ta rubuta lokacin da motsin ya iso. Inda ya makara, sai su gane ta cikin zafi ya biyo. Da wannan lissafi kwamfuta take zana hoton cikin ƙasa.

Daga 2005 zuwa 2007 an dasa irin waɗannan na'urori 32 a Kamaru. Sun nuna zirin dutse mai zafi a ƙarƙashin jerin duwatsun, mai zurfin ɗaruruwan kilomita. A Nijeriya kuwa, cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi tana sauraron motsin ƙasa.

Zafi mai zurfi haka ba ya nufin gobe wuta za ta fito. Amma narkakken dutse yakan saki mugun iska. Ran 21 ga Agusta 1986 Tafkin Nyos na Kamaru ya fitar da irinsa, ya kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, gama iskan ya fi namu nauyi, kwari yakan bi.

Saboda haka, masu noma kusa da irin waɗannan duwatsu su ci gaba da aikinsu, gama ƙasar tana da albarka. Amma in ruwan tafki ya sake launi farat ɗaya, ko tsuntsaye da dabbobi suna mutuwa a bakinsa, a hau tudu, a sanar da hakimi da hukuma nan da nan.