Allurar Ranar Haihuwa: Kariya Daga Ciwon Dajin Hanta

Zuwa ga iyaye, malamai da limaman Dutsin-Ma da Kurfi.

Daga ina ciwon ke farawa?

Babban abin da ke jawo ciwon dajin hanta a ƙasarmu shi ne ƙwayar cutar hanta mai suna Hepatitis B. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ita. Jariri yakan ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 za su girma da ita. Takan yi shekaru tana lalata hanta ba tare da wata alama ba, har dajin ya kafu a jikin wasu.

Yaya yake yaɗuwa?

Banda jini, akwai wani ruwa da ke fita daga hanta ta ƙananan hanyoyi, ya bi ta cikin kaluluwa domin a tace shi. Idan ƙwayoyin daji suka ɓalle daga ƙarin, wannan ruwa yakan kai su kaluluwar da ke bakin hanta, su maƙale, su hayayyafa, daga nan su wuce zuwa sauran kaluluwar ciki. Wasu kuma sukan bi jini zuwa huhu ko ƙashi. Idan abu ya kai nan, tiyata ba ta cika warkarwa ba.

Me ya kamata a yi?

Nijeriya ta sanya allurar Hepatitis B cikin rigakafin yara a 2004. Taiwan ta fara a 1984, kuma dajin hanta ya ragu ƙwarai a tsakanin yaranta.

1. A yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a jira ranar suna.
2. A koma a mako na 6, na 10 da na 14 domin allurar Penta.
3. Mai juna biyu ta nemi gwajin jini wajen awon ciki.
4. A ba wanzami sabuwar reza domin aski ko kaciya.

Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati. Allah ya gafarta malamai, muna roƙon ku tunatar da magidanta a huɗuba da wajen karatu, domin lafiyar yaro amana ce a wuyan iyayensa.

Rigakafi ya fi magani.