Firji da Maganin Gargajiya: Wane Magani Ke Buƙatar Sanyi?

Titin da ya taso daga Sabon Garin Zariya ya ratsa Samaru ya isa Shika ya haɗa hanyoyi biyu na neman lafiya. A Shika akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a can a shekarar 2005. A Samaru akwai tsangayar haɗa magunguna ta jami'ar, da sashenta mai nazarin magungunan da ake samu daga tsirrai. A kasuwar Sabon Gari kuwa ga masu sassaƙe da saiwoyi da ganyaye, ga kuma shagunan maganin Musulunci da suke sayar da habbatus sauda da hulba da zuma da man zaitun, wasu har da ganyen shayi da ƙwayoyin da aka shigo da su daga ƙasar Sin. Iyalai da yawa duka hanyoyin biyu suke bi. Ana yawan muhawara a kan ko wani magani yana aiki ko ba ya aiki, amma ba a cika tambayar abin da ya same shi ba tsakanin ranar da aka sassaƙo shi a daji da ranar da mara lafiya ya sha. Yanzu da firji ya shiga shaguna, mutane sun fara ɗaukarsa a matsayin shaidar tsabta da inganci. Abin da wannan rubutu zai tabbatar shi ne, busarwa da rufewa su ne ginshiƙin adana maganin tsirrai. Sanyi mataimaki ne ga wani rukuni kaɗan, kuma idan aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

Abubuwa huɗu ne suke lalata maganin da aka ajiye: danshi, ƙwari, zafi da hasken rana. Zafi yana korar man da ke ba kanumfari da citta da na'a-na'a ƙamshinsu, haske yana koɗar da ganye, ƙwari suna cinye saiwa daga ciki. Amma danshi ne uban tafiya, domin shi ne yake buɗe wa fumfuna ƙofa, kuma ƙwari ma sun fi samun sakewa a cikin abin da bai bushe sosai ba. Ɗanyen ganye kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, ko fiye. Idan ya bushe yadda ya kamata, ruwan da ya rage bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, kuma a wannan matsayi fumfuna ba ta iya tsiro. Gwanin mai magani ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane haka. Sassaƙen maɗaci da ya bushe, in an karya shi sai ya ce ƙas, ya rabu biyu. Wanda ya sha laima sai ya lanƙwashe, in an juya cikinsa a ga wani fari-fari ko kore-kore kamar an barbaɗa masa gari, ga kuma warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Ganyen zogale ko na sabara da ya bushe yana marmashewa a tafin hannu. Saiwar da ƙwaro ya shiga kuwa za a ga 'yan ƙananan huji a jikinta, da gari mai laushi a gindin buhu.

Yanayin Zariya kansa yana nuna wanne ne babban abokin gaba tsakanin zafi da danshi. Watannin Maris da Afrilu su ne mafi zafi a shekara, amma ba a lokacin ne kaya suke yin fumfuna ba, saboda iskar a bushe take. A hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kaɗowa daga Sahara tana tsotse ruwa daga duk abin da aka shanya cikin 'yan kwanaki. Matsala tana farawa ne idan damina ta kankama. Yankin Samaru yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a watan Agusta, lokacin marka, laimar iska takan wuce kashi 70 cikin 100 kwana da kwanaki. Wannan shi ne mizanin da fumfuna take fara walawa. Busasshen magani yana jawo ruwa daga iskar da ke kewaye da shi, don haka abin da ya bushe ƙarau a Janairu zai iya yin laushi a Agusta ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba. Ke nan watan da garin ya fi sanyi a damina shi ne watan da ya fi haɗari ga kayan mai magani.

To, me firji yake yi? Firjin gida yana riƙe sanyi wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan sanyi ƙwayoyin cuta ba sa saurin yaɗuwa, ƙwarin ajiya ba sa hayayyafa, mai ba ya saurin canza ɗanɗano. Sai dai firji dakatarwa yake yi, ba kashewa ba. Ƙwayar fumfuna tana nan a raye tana jiran ranar da za ta samu ɗumi da ruwa, kuma abin takaici, firjin ne da kansa yakan samar mata da ruwan. Kowa ya ga yadda kwalbar lemo mai sanyi take yin gumi da zarar an fito da ita. Ruwan nan daga iska yake, ba daga cikin kwalbar ba. A ranar damina da zafi ya kai digiri 28, laima kuma kashi 80 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 24 sai raɓa ta kwanta a kansa. Garin magani da aka fito da shi daga firji aka buɗe a take, zai sha wannan raɓa, a mayar da shi ciki, gobe a sake fito da shi ya ƙara sha. Idan aka haɗa da ɗauke wuta, abin ya ƙara muni: ƙanƙara ta narke, cikin firjin ya koma akwati mai ɗumi da laima a rufe. Garin neman gira an rasa ido.

Mutanen Sin sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma akwai darasi a cikin yadda suka warware ta. Tarihinsu na rubuta ilimin magani yana da tsawo. Wani masaninsu mai suna Li Shizhen ya kammala babban kundinsa a 1578, inda ya yi bayanin magunguna 1,892, kuma shagon Tongrentang da aka buɗe a Beijing a 1669 har yau yana aiki. Kudancin ƙasar yana da laima mai tsanani a watannin Yuni da Yuli. Duk da haka, wanda ya shiga shagon maganin gargajiya a can, abin da zai fara gani shi ne bango guda na ƙananan aljihunan katako, kowanne da busasshen maganinsa. Kundin ƙa'idojin magunguna na ƙasar ya rarrabe wuraren ajiya: akwai wuri mai sanyi-sanyi da bai wuce digiri 20 ba, akwai wuri mai sanyi tsakanin digiri 2 da 10, kuma galibin saiwoyi da sassaƙe abin da aka shar'anta musu shi ne wuri busasshe mai iska. Tun kafin zuwan lantarki suna jera magani mai tsada a cikin tulu a kan busasshiyar farar ƙasa mai tsotse laima. Abin da suke kai wa sanyi shi ne mai zaƙi ko mai maiƙo, irin su 'ya'yan goji da ƙwallayen wasu 'ya'yan itace, da ɗanyun saiwoyi, da maganin da aka riga aka dafa aka ɗura a leda.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan kayan kasuwar Sabon Gari, rabon a fili yake. Jiƙo da tsimi da dafaffen magani su ne suka fi kowa buƙatar firji, domin ruwa ne, kuma ƙwayoyin cuta suna ninkuwa a cikinsa cikin sa'o'i a zafin bazara. Ko a firjin ma kwanaki kaɗan ne iyakarsu. Ɗanyen ganye irin shuwaka yana jure 'yan kwanaki a sanyi. Garin habbatus sauda da na riɗi da mayukan da aka tatsa suna amfana, in dai kwalbar a toshe take. Firiza kuma tana da wani aiki na daban: idan aka ɗaure busasshen magani a leda mai kauri aka bar shi wajen mako guda a digiri 18 ƙasa da sifili, ƙwari da ƙwayayensu suna mutuwa, kuma da wannan dabara ɗakunan adana samfurin tsirrai suke kare kayansu a ƙasashe da dama. Sharaɗin shi ne kada a kwance ledar sai sanyin ya sake ta gaba ɗaya. A ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda sanyi yake cutarwa. Ɗanyar citta irin ta Kachia tana yin laushi ta lalace idan ta daɗe a ƙasa da digiri 12. Tafarnuwa takan yi tsiro, zuma kuma ta daskare har mai saye ya zargi an haɗa ta da sukari. Sassaƙen marke da hano, da bagaruwa da kimba da kanumfari, babu abin da suke nema a firji.

Wani zai ce kakanninmu sun yi magani ɗaruruwan shekaru ba firji ba kwalba, kuma ba a ji sun koka ba. Gaskiya ne, amma yanayin aikinsu ba irin na yau ba ne. Wanzami ko ungozoma ta dā takan aika bayan gari a samo abin da ake buƙata a ranar, ko kuma a rataye ɗan ƙulli a saman murhu inda hayaƙi da ɗumi suke korar laima da ƙwari. Ana barin sassaƙe da saiwa a yadda suke, sai ranar amfani a daka. Yau daji ya yi nisa, magani yana zuwa buhu-buhu daga garuruwa masu nisa, ana niƙa shi a inji, a ƙulla a leda, ya yi watanni a kan kanta. Gari ya fi gungumen sassaƙe saurin shan laima da saurin rasa ƙamshi, kuma leda da aka ɗaure a kan abin da bai gama bushewa ba tana tsare ruwan ne a ciki. Hikimar magabata tana nan daram, amma kasuwancin yau ya ƙara mata nauyin da ba ta saba ɗauka ba.

Wani kuma zai ce ai dafawa za a yi, wuta tana kashe komai, ko kuma a kakkaɓe fumfunar a sake shanyawa. Wannan ita ce fahimta mafi haɗari. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda aka gano bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan guba a sahun farko na abubuwan da ke haddasa kansa, musamman kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a ƙasarmu. Tafasawa tana kashe fumfunar, amma ba ta rusa gubar. Rana ba ta kawar da ita, firji ma haka. Ba kowace fumfuna ce take da guba ba, sai dai ido ba ya iya bambancewa. Babu abin tausayi kamar mai shawara da ya sha sassaƙe don hantarsa ta warke, alhali abin da ya sha ƙara mata rauni yake yi, har a ƙarshe a kwashe shi zuwa Shika. Maganin da ya yi fumfuna zubarwa ake yi.

Akwai kuma mai cewa asibiti ma a firji yake ajiye magani, kuma yanzu ga firji mai aiki da hasken rana, don haka matsalar wuta ta kau. Amma ɗakin magani na asibiti shi ne babban misalin rarrabewa. Alluran rigakafi da insulin ne ake tsarewa tsakanin digiri 2 da 8, ana duba ma'auni safe da yamma ana rubutawa, yayin da mafi yawan ƙwayoyi suke jere a kan kanta. Firjin sola yana magance ɗauke wuta, amma ba ya hana raɓa kwanciya a kan garin da aka buɗe. Mai shagon da yake da ɗan jari gara ya fara da abin da ya fi araha kuma ya fi amfani: ragar shanya a inuwa nesa da ƙasa, kwalabe da robobi masu murfi mai kamawa, katakon ɗora buhuna don kada su taɓa daɓe ko bango, da buhun nan mai leda biyu a ciki da manoma suke adana wake ba tare da feshi ba. Sai kuma rubuta suna da watan da aka samo kowane magani, a sayar da tsoho kafin sabo. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 kan noma da tattara tsirran magani sun ba busarwa da busasshiyar ma'ajiya muhimmanci sosai.

Zariya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: masana tsirrai da masana haɗa magani da masana adana amfanin gona a Samaru, likitoci a Shika, masu sana'ar kuma a Sabon Gari, duka a kan titi guda. Abin da ya dace shi ne ilimin ɓangare ɗaya ya isa ga ɗayan da Hausa, kafin kowace damina ta faɗi, domin rigakafi ya fi magani. Shi kuma mai saye yana da haƙƙin ya shinshina, ya karya, ya duba gindin leda, ya tambayi yaushe aka samo maganin kuma a ina ya kwana. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce take nuna ingancin shago, ko da firji a cikinsa ko babu.