Manyan harsasan farauta: wanne ne ya fi dacewa da dajin Binuwai?

Duk lokacin da rani ya shigo, mu mazauna Garwa mun saba ganin baƙi daga Turai da Amurka suna sauka da dogayen akwatuna, su wuce yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida. Abin da ke cikin akwatunan nan bindigogi ne, kuma da yawansu na harba irin harsashin da ake kira magnum, kalmar da ke nufin babba a harshen Latin. Wani zai ce ina ruwanmu da kayan attajirai? To, ruwanmu ne, domin masu bin sawu da ke shiga gaban baƙon a daji 'yan'uwanmu ne, kuma idan aka yi wa ɓauna rauni ba ta mutu ba, su ne za ta fara cimma.

Bari mu fara da wanda ya fi tsufa a ƙasar nan. A 1905 wani maƙerin bindiga na birnin Berlin, Otto Bock, ya fito da harsashi mai lamba 9.3x62 saboda Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, ciki har da Kamaru. Ba a kiransa magnum. Yana jefa ƙwaya mai nauyin giram 18.5 da gudun kusan mita 720 a daƙiƙa, kuma yana shiga bindigar Mauser ta 1898 ba tare da an ƙara mata tsawo ba, shi ya sa ta yi araha har manomi ya iya saye.

Ingilishi ba su zauna ba. Kamfanin Rigby ya fitar da .416 a 1911, sannan Holland & Holland na Landan ya biyo da .375 Magnum a 1912. Albarushin wancan zamani yana ƙara ƙarfi idan ya ji zafin rana, har kwanson harsashi ya maƙale a cikin bindiga. Don haka Rigby ya yi kwanso mai faɗi domin matsin ya ragu, shi kuma Holland ya yi nasa mai tsukewa zuwa gaba domin ya zaro cikin sauƙi. Duk wanda ya san zafin watan Maris a Garwa ya san wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Ƙwayar .375 na da giram 19.4 da gudun kusan mita 770, ta .416 kuwa ta kai giram 26.

Amurkawa sun shigo daga baya. Winchester ya kawo .458 Magnum a 1956, mai ƙwayar giram 32, aka yi ta yabonsa. Sai dai kwansonsa gajere ne, an danna albarushi a ciki, idan ya daɗe cikin zafi yakan dunƙule, harbin ya yi sanyi. A 1959 ɓauna ta ji wa wani maharbi mai suna Jack Lott rauni a Mozambik yana riƙe da irin wannan bindiga. Daga baya, a 1971, ya tsara nasa .458 ɗin mai dogon kwanso.

Akwai kuma masu gudu, irin su 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, wanda ke jefa ƙwayar da ba ta kai giram 12 ba da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Waɗannan sun dace da gwanki ko kanki da aka hango daga nesa a fili. Amma gudu daban, nauyi daban. Ƙwaya marar nauyi na iya tarwatsewa a ƙashin kafaɗar ɓauna ba ta isa zuciya ba. Wannan ne ya sa wasu ƙasashen Afirka, irin su Tanzaniya, suka sa .375 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari dabba mai hatsari da shi.

To, ashe sai kowa ya nemi mafi girma? Ba haka ba ne, jama'a. Gwargwadon girman harsashi, gwargwadon naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Mutumin da ke tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, harbi ya sauka a ciki ko a cinya. Daga nan ɓauna ta shige dogon ciyayi ta laɓe, mai bin sawu kuma ya bi jini da ƙafa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Gara .375 ko 9.3 a hannun wanda ya saba da ita, da .458 a hannun wanda ya saye ta jiya.

Su kuwa masu tara bindigogi, lissafinsu daban ne. Suna duba sunan maƙeri, da zanen da aka yi wa ƙarfe, da ko katakon na asali ne, da ko lambobin sassan sun yi daidai. Bindigar Winchester Model 70 da aka ƙera daga 1936 zuwa 1963 ta fi daraja a wurinsu, domin a 1964 kamfanin ya sauya tsarinta don rage kuɗin ƙira, ya cire babbar ƙugiyar da ke riƙe harsashi tun daga fitowarsa har shigarsa bututu. Abin lura shi ne, ƙugiyar da mai tarawa ke biya da tsada, ita ce maharbi ke dogara da ita idan harbi na biyu ya zama dole.

Ba za mu rufe ba sai mun tuna cewa a farkon 2012 mafarautan sata sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida da bindigogin yaƙi. Wancan ta'asa ce, ba farauta ba. Farautar da doka ta sani tana da lasisi da lokaci da adadin dabbobi. Roƙonmu ga masu riƙe da yankunan nan shi ne su riƙa gwada hannun kowane baƙo a sansani kafin a shiga daji da shi, ko da bindigarsa ta fi mota tsada. Allah Ya dawo mana da masu bin sawunmu gida lafiya.