Tukunyar Ƙasa: Ma'ajiyar Rayayyu da Matattu

Ya ku ɗalibai, kun san randa da tulu. Randa ita ce babbar tukunyar ƙasa da ake girkewa a inuwa don ruwa ya yi sanyi. Tulu kuwa da shi ake ɗebo ruwa daga rijiya ko rafi. To, wasu al'ummu sun yi amfani da irin waɗannan tukwane wajen jana'izar matattunsu.

A zamanin da, Girkawa da Rumawa sukan ƙone gawa, su zuba tokar a tukunya mai murfi, sannan su binne. Mutanen tsohuwar Masar kuwa sukan cire hanta da huhu da tumbi da hanjin mamaci, su adana a tuluna huɗu, domin sun yi imani cewa zai bukace su bayan mutuwa.

A nan kusa da mu, mutanen Sao na yankin Tafkin Chadi sukan sanya gawa cikin ƙatuwar tukunya, su kife wata a kanta. A Bura, cikin yammacin Nijar, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, mai ɗauke da ɗaruruwan tukwane, wasu da siffar kawunan mutane. Hausawa Musulmi ba sa ƙone gawa, amma a wasu garuruwa akan jera fasassun tukwane a rufe ramin kabari kafin a zuba ƙasa. Kun ga ke nan, tukunya tana nuna yadda al'umma take kallon rayuwa da mutuwa.

Saboda haka ne masana tarihi suke daraja ta. Sai dai ɓarayi sun haƙe tukwanen Bura da yawa, sun sayar a ƙasashen waje. Idan aka ɗauke tukunya daga inda aka binne ta ba tare da bincike ba, labarinta ya salwanta.

Ku da kuke Laranto, ba ku da nisa da Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Akwai sashen tukwane daga sassa daban-daban na Nijeriya. Ku ziyarce shi, ku lura da baki da wuya da zanen kowace tukunya. In kuwa kun tono tsohuwar tukunya a gona, kada ku fasa, kada ku sayar. Ku sanar da ma'aikatan gidan.