Yadda Ake Yaudarar Kifin Teku Da Gashin Zakara

A gaɓar Tekun Atlantika ta gabashin Amurka akwai waɗansu masu kamun kifi waɗanda ba su da jirgi, ba su da taru, ba su kuma maƙala tana ko tsokar nama a bakin ƙugiya. Abin da suke jefa wa kifi shi ne ƙugiya guda wadda aka yi wa sutura da gashin zakara da na wutsiyar barewa, har ta yi kama da ɗan ƙaramin kifi. Da yawa daga cikinsu da hannunsu suke ɗaura ta a gida, musamman da hunturu, sa'ad da sanyi ya hana zuwa bakin teku.

Dabarar ta daɗe a duniya. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubuci Barume mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a jikin ƙugiya su kama kifin kogi. Turawa na kiran irin wannan ƙugiya da sunan ƙuda, domin a kogi ƙwari take kwaikwayo. A teku kuwa ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ake kwaikwayo, amma sunan bai sake ba.

Wanda ya tsaya a gaɓa yana da matsalolin da na cikin jirgi ba shi da su. Ƙugiyar ba ta da nauyin kirki, nauyin igiyar ne ke ɗaukarta idan an wurga da sanda mai tsawon kamar ƙafa 9, ga kuma iskar teku tana bugun fuska. Gishiri yana cin ƙarfe, saboda haka sai an nemi ƙugiyar da ba ta tsatsa. Ga duwatsu da ciyawar ruwa masu riƙe ƙugiya. Bugu da ƙari ruwan gaɓa ba shi da zurfi, kifi yana kallon abin da aka jefa masa sarai, kamar dai yadda akan ce kifi na ganinka mai jar koma. Kowace ƙugiya da ta yi suna, wata matsala ce daga cikin waɗannan ta haife ta.

A ƙarshen shekarun 1950 wani mutumin Jihar Maryland, Lefty Kreh, yana neman wani kifi mai ratsi-ratsi da ake kira bas a mashigin tekun Chesapeake. Kifin ya so ya yi kama da giwan ruwa, an kuma taɓa kama mai nauyin kilo 37 a shekarar 2011. Abin da ya dami Kreh shi ne dogon gashi yakan naɗe wa ƙugiya a cikin iska, sai ta lalace tun ba ta faɗa ruwa ba. Sai ya mayar da gashin zakaran can ƙarshen ƙugiya ya zama wutsiya, ya kewaye gaban da gashin barewa ya zama jiki. Ya sa mata suna Deceiver, wato mayaudariya, kuma a 1991 Gidan Wayar Amurka ya buga hotonta a kan sarki.

A 1977 kuma, a tsibirin Andros na ƙasar Bahamas, aka fito da wata ƙarama mai suna Crazy Charlie, wadda aka yi wa idanu da 'yan ƙwallayen sarƙar ƙarfe domin ta nutse da sauri a kan rairayi. Wani mutumin New Jersey, Bob Popovics, shi kuma ya ga wani shuɗin kifi mai haƙora kamar na tsage yana yayyaga gashi da cizo ɗaya, sai ya lulluɓe jikin ƙugiyar da danƙo mai ƙarfi wanda ake ganin ciki.

Wadda mai koyo ya fi farawa da ita ita ce ta Bob Clouser na Jihar Pennsylvania, wadda ya ƙago a 1987 domin kogin Susquehanna, daga baya ta mamaye bakin teku. Da farko akan matse ƙugiya a cikin wani ɗan ƙarfe mai riƙe ta, a naɗe sandarta da zare. Sa'an nan a ɗauko ɗan guntun dalma mai kai biyu, a gicciye shi a bayan ƙugiyar, kusa da ramin da ake zura igiya, a ɗaure shi tamau. Shi ne idanu. A wannan gefen ake shimfiɗa farin gashin barewa. Daga nan sai a kifa ƙugiyar, a sa 'yan zarurruka masu ƙyalli, a rufe su da gashi mai duhu ko tsanwa, a ƙulle zaren, a ɗiga danƙo.

Hikimar tana ga dalmar nan. Da ta shiga ruwa sai nauyinta ya juyar da ƙugiya, tsinin ya kalli sama, ya daina kama duwatsu. Farin gashin ya koma ciki, mai duhun ya koma baya, yadda halittar ƙananan kifaye take. In masunci ya ja igiya sai ta taso, in ya dakata sai ta sunkuya kamar kifin da ke neman maɓuya, a nan ne kuwa babban kifi ya fi kai mata hari. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne cika gashi. Ƙananan kifayen gaɓa sirara ne, haske na ratsa jikinsu, don haka gashi kaɗan ya fi yaudara, ya kuma fi saurin nutsewa.

Wannan ne dalilin da ya sa ta kanti ba ta cika gamsar da gwanaye ba. Mai ɗaura tasa yakan je bakin ruwa ya duba tsawo da launin abin da kifi ke ci a wannan makon, ya koma gida ya kwaikwaya.

Sai dai gwaninta ba ta da amfani in babu kifin. Yawan kamu ya taɓa rage bas mai ratsi ƙwarai, har Jihar Maryland ta hana kama shi daga 1985 zuwa 1990. A 1995 hukumar kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika ta bayyana cewa ya farfaɗo, amma a 2019 binciken da aka yi mata ya nuna ya sake raguwa. Hukumar ta yi lissafi da cewa kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka kama aka saki mutuwa suke yi. Saboda haka masu ɗaura ƙugiya da yawa sukan sa filaya su danne 'yar ƙayar da ke bayan tsini tun kafin su naɗa zare, domin a zare ta daga bakin kifi ba tare da an yaga shi ba, a mai da shi ruwa da ransa.