Me Ke Sa Mutum Ya Ɗaga Makami a Kan Ɗan'uwansa?

Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, har Safana da Batsari da ke bakin dajin Rugu, duk majalisar da aka zauna bayan an kai hari, tambaya ɗaya ce: yaya yaron da aka sani da kiwo ko noma ya koma mai harbin mutane? Wasu su ce mugun hali ne, wasu su ce ƙwaya. Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe suna bincike a kai.

A 1939, John Dollard da abokan aikinsa na Jami'ar Yale a Amurka suka ce takaici ne tushen faɗa. Wanda aka tare wa hanyar abin da yake nema, zuciyarsa tana tafasa, kuma sau da yawa ba a kan wanda ya cuce shi yake hucewa ba, sai a kan mai rauni. Makiyayin da aka nome wa burtali, da manomin da shanu suka cinye wa gero, idan kowannensu ya kai ƙara bai ga adalci ba, fushin yana nan kwance. A 1967 kuma Leonard Berkowitz ya nuna cewa ko ganin bindiga a kusa yana ƙara wa mai fushi saurin kai hannu.

Binciken da ya fi shafar mu shi ne na Albert Bandura a Jami'ar Stanford a 1961. Yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita, sai suka jibge ta yadda suka gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya tashi yana ganin mai bindiga ne ake tsoro, shi ke da babur da kuɗi, karatu yake ɗauka.

Sanin dalili ba ya wanke mai laifi. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023 suna da aikinsu, amma bindiga ba ta shiga zuciyar yaro. Wannan aikin iyaye ne da malamai. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su horar da malaman da za su gane yaron da ya ga kisa da idonsa, su ja shi a jiki tun bai ƙulla niyyar ramuwa ba.